WANE NE JAHILI? TARIHIN KALMAR DA AKE JIFANMU DA ITA

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi shi a hankali.

Duk lokacin da siyasa ta ɗauki zafi a ƙasar nan, ko aka fitar da wani rahoto kan yaran da ba sa zuwa makaranta, akwai kalmomin Turanci guda biyu da ake zarowa daga kube a hau saranmu da su: illiterate da ignorant. Wani daga can Kudu zai rubuta cewa illiterates ne suke zaɓa wa Najeriya shugabanni. Namu ɗan bokon kuma, maimakon ya tsaya ya tambayi me kalmar take nufi, sai ya karɓe ya fassara da bakinsa: "Ai matsalar Arewa jahilai sun yi yawa." Daga nan kalmar ta gangaro har ƙauye, ta sauka a kan dattijon da ya sauke Alƙur'ani tun kafin a haifi mai zagin, wanda yake rubuta wasiƙa da lissafin bashinsa da ajami, laifinsa ɗaya bai san ABCD ba.

Mu a Bahindi da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo, abin ya fi fitowa fili. Nan za ka samu mutum ɗaya yana jin Hausa da Fulatanci da Dandanci, in ya tsallaka Segbana ya yi ciniki da ɗan guntun Faransancinsa, ya juya Naira zuwa sefa a ka kafin kai ka gama lalubo kalkuleta a waya. Amma ranar da aka zo cike fom, gurbin da za a yi masa alama shi ne "ba shi da ilimi". Na shekara da shekaru ina aikin gwamnati, na ga irin wannan fom ba iyaka. Shi ya sa na ga ya dace mu bi sawun kalmomin nan, mu ga inda suka fito da yadda aka yi suka zama bulala.

Mu fara da gidansu, wato Turancin kansa.

Ignorant ta samo asali ne daga kalmar Latin ignorare, ma'anarta rashin sanin abu. A asalin amfani da ita sai an faɗi abin da mutum bai sani ba. Farfesan lissafi yana iya zama ignorant game da dashen shinkafa, kamar yadda manomin fadama yake ignorant game da lissafin farfesa. 'Yar'uwarta ignore, wadda yau take nufin ka share mutum ko ka yi biris da shi, a tsohon Turanci ita ma "rashin sani" take nufi. Faransanci ya riƙe tsohuwar ma'anar har gobe. In jandarma a hanyar Malanville ya ce maka j'ignore, ba wulaƙanta ka ya yi ba, cewa ya yi "ban sani ba".

Akwai kuma ignoramus, wadda 'yan boko ke ji da ita in suna son zagi mai nauyi. A Latin ma'anarta "ba mu sani ba". A kotunan Ingila na da, in aka kawo wa masu tace ƙara takardar tuhuma suka ga hujjar ba ta kai a gurfanar da mutum ba, wannan kalma suke rubutawa a bayan takardar. Ka ga kenan kalmar adalci ce, ta mutanen da suka ƙi yanke hukunci a kan abin da ba su tabbatar ba. Sai a 1615 wani mai suna George Ruggle ya shirya wasan kwaikwayo a Cambridge, aka yi shi a gaban Sarki James na ɗaya, a ciki akwai wani lauya dolo mai cika baki da aka raɗa wa suna Ignoramus. Daga wannan wasa kalmar ta koma sunan wawa. Har nice ɗin nan da muke rubuta wa juna a ƙarƙashin hoto, daga nescius ta fito, wato wanda bai sani ba, kuma wajen shekarar 1300 in Bature ya ce maka nice, sakarai ya kira ka.

Illiterate kuwa maganar haruffa ce kawai, domin littera a Latin harafi ne. To amma haruffan wa? A Turai ta tsakiyar zamani, in malaman coci suka ce mutum illitteratus ne, suna nufin bai iya Latin ba, ko da kuwa yana karanta harshen uwarsa. Wato tun a can gidansu, mai riƙe da ofis da alƙalami shi ke yanke wane rubutu ne rubutu. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu dawo namu gidan. Jahili da jahilci daga Larabci muka aro su, kuma malamanmu ba su taɓa ɗaukar su a matsayin rashin iya rubutu ba. Larabci yana da kalma daban ta wanda bai karatu bai rubutu, ita ce ummiyyi. Da wannan sifa aka siffanta Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kuma babu Musulmin da zai haɗa ta da waccan mummunar kalma. Larabawan zamanin Jahiliyya ma ai suna da fasihan mawaƙa da masana nasaba da fatake masu kai kaya Sham da Yaman. Jahilcinsu na rashin shiriya ne da saurin fushi da ɗaukar fansa, kishiyar haƙuri da kamun kai. Wannan ma'ana tana nan a bakinmu. In aka ce wane ya yi aikin jahilci, ba wanda zai ɗauka jarida ya kasa karantawa.

Malamai sun kuma raba jahilci gida biyu. Akwai mai sauƙi, na wanda bai sani ba kuma ya san bai sani ba. Wannan maganinsa tambaya, matambayi ba ya ɓata. Akwai murakkabi, na wanda bai sani ba amma yana ganin ya sani. Shi ne Bahaushe ya ce ya fi hauka wuyar magani. An ruwaito cewa Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, an taɓa jero masa tambayoyi masu yawa ya amsa mafi yawansu da "ban sani ba", kuma wannan bai rage masa daraja ba ko ƙwayar zarra.

Hausa ma ba ta yi wa abin kuɗin goro ba. Rashin sani daban, shi ne wanda ya fi dare duhu, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami, kuma ba a zargin mutum da shi. Duhun kai daban, ƙauyanci da gidadanci daban. A ɓangaren sani kuwa muna da matakai tun daga kolo da titibiri da gardi har alaramma da gwani. Al'ummar da ta tsara wa karatu irin wannan tsani ba a jiya ta fara riƙe alƙalami ba.

Tarihi ma ya shaida. Ƙasarmu a ƙarƙashin Gwandu take, gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai tafsirin Liya'ut Ta'awili da littattafai masu yawa kan shari'a da mulki da nahawu. Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, a cikin Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, tana naɗa jajis su shiga ƙauyuka suna koyar da mata da waƙoƙin Hausa da Fulatanci. Yaƙi da jahilci na farko a ƙasar nan kenan, kuma da ajami aka yi shi.

To ina aka haihu a ragaya?

A ranar 14 ga Yunin 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu kan wata yarjejeniya a Paris, suka ja layin da ya raba abin da ya zama Najeriya da Dahomey, wato Benin ta yau. Layin ya sauko kogin Neja, wanda iyayenmu ke kira Kwara, mil goma sama da Giris, tashar jiragen ruwan Illo. Mutanen da ke auren juna suna cin kasuwa ɗaya suka kwana suka tashi a ƙasashe biyu. Wanda ya faɗo gabas za a auna iliminsa da Turancin Ingilishi, wanda ya faɗa yamma da Faransanci. Ba a tambayi ko ɗayansu ba.

A watan Maris na 1903 Sakkwato ta faɗa hannun Turawa. Sun tarar da makarantun allo dubbai, su da kansu sun rubuta haka a rahotanninsu. Sun tarar da alƙalai suna rubuta hukunci da Larabci, sarakuna suna aika wa juna wasiƙu. Da farko ma da Larabci da ajami suka riƙa yi wa sarakuna takarda, don ba su da wata hanya. Amma ba da jimawa ba suka yanke cewa Hausar ofis da ta makaranta da haruffan Rumawa za a rubuta ta. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da sababbin haruffan a 1912. Kwalejin Katsina ta biyo baya a farkon shekarun 1920. Aka kafa hukumar fassara wadda ta zauna a Zariya a ƙarƙashin Rupert East, aka yi gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sannan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta.

Kakanninmu su ma ba su yi shiru ba, sun mayar da martani da kalma. Suka kira sabon rubutun boko. Da yawa muna ɗauka daga book na Turanci kalmar ta fito, amma masanin Hausa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin bogi ko na yaudara, kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo ta da wannan ma'ana. Tsofaffi sun san amaryar boko, wadda ake fitowa da ita a rufe don a ɓatar da hankalin jama'a alhali amaryar gaske tana wani wuri. Mu nan yankin sai a yi hattara kada a rikita, domin akwai al'umma da harshe mai suna Boko, ɗan'uwan Busanci, a ɓangarorin iyaka biyu, kuma ba su da wata alaƙa da wannan magana.

Kun ga kenan zagin ta kowane ɓangare aka yi shi. Mu muka ce nasu na bogi ne, su suka ce namu ba karatu ba ne. Bambancin shi ne su ke riƙe da baitulmali da takardar ɗaukar aiki. Wanda ya iya boko ya zama malamin haraji, malamin daji, akawu. Wanda ya iya ajami kaɗai ya koma layin masu dangwala yatsa.

Akwai wata shari'a da ya kamata kowane ɗan Arewa ya sani. Tun zamanin mulkin mallaka akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba. Dokar ta ce duk wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda dole ya sa sunansa da adireshinsa a jiki, shaidar cewa ya karanta masa ya kuma bayyana masa abin da ke ciki kafin ya sa hannu ko ya dangwala. A farkon shekarun 1960 kamfanin PZ ya yi ƙarar wasu mutum biyu, shari'ar da lauyoyi ke kira ta Gusau da Kantoma. Ɗayansu ya tsaya wa ɗayan lamuni ne, ya sa hannu a takardar da aka rubuta da Turanci, shi kuwa bai jin Turanci amma ya iya rubutun Larabci. Ya nemi dokar ta kare shi. Babbar kotun Arewa ta ce abin dubawa shi ne harshen da aka rubuta takardar da shi. Da aka ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli ta Tarayya a 1962 ta ce a'a, illiterate shi ne wanda bai iya karatu da kowane harshe ba, don haka mai karanta Larabci ba ya ciki.

Ku duba wannan lamari da kyau. In mai ajami ya je neman aiki, a ce masa illiterate ne. In ya je kotu neman kariyar da doka ta tanadar wa illiterate, a ce masa ai kai mai ilimi ne. Gaba siyaki baya damisa. Daga baya kotuna sun fi karkata ga duba harshen takardar, kuma wannan shi ya fi kusa da adalci. A wannan ma'auni, ni da digirina, ranar da na tsallaka Tsamiya aka miƙo mini takardar kwastan da Faransanci, illiterate nake, sai na nemi yaron mota ya karanta mini.

Sai babban ɗinkin da ya haɗe kalmomin biyu wuri ɗaya. A watan Agustan 1950 Malam Abubakar Tafawa Balewa ya gabatar da ƙudurinsa na neman gyaran mulkin En'e a majalisar Arewa da ke Kaduna. A cikin iskar gyaran da ta biyo baya, gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar koyar da manya karatu da rubutu. Malam Ahmadu Coomassie na Katsina yana cikin manyan jami'an da suka riƙe aikin. Aka kafa hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano, har zuwa 1959. A Turance sunan shirin bai wuce koyar da manya karatu ba. A Hausance sai aka sa masa Yaƙi da Jahilci.

Kada a fahimce ni a karkace, shirin ya yi amfani ƙwarai. Talaka ya iya duba rasiɗin harajinsa, ya iya karanta lambar sikeli a wurin sayar da gyaɗa da auduga, ya iya rubuta wa ɗansa wasiƙa ba tare da ya biya wani ya ji sirrinsa ba. Waɗanda suka yi aikin 'yan kishin ƙasa ne, da yawansu ma malaman addini ne, Allah ya saka musu. Sunan ma ya yi daɗin faɗi, ya zaburar da mutane. Amma ya bar tabo. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, in ya zauna a ajin yamma don ya koyi ABCD, sunansa ɗan yaƙi da jahilci. Tun daga lokacin, a kunnen Bahaushe illiteracy ta zama jahilci, kuma mu da kanmu muka buga hatimin.

Abin bai tsaya nan ba. A 2007 Babban Bankin Najeriya, a zamanin Charles Soludo, ya cire ajami daga takardun Naira 5 da 10 da 20 da 50, ya sa Hausa da Yarabanci da Ibo da haruffan boko. A 2014 sabuwar Naira 100 ta cika shekara ɗari da haɗe ƙasa ta fito babu ajami. A 2020 wani lauya ya kai ƙara kotu a Legas yana neman a cire wanda ya rage a kan 200 da 500 da 1000, wai Larabci ne na addini. Alhali abin da ke rubuce a wurin Hausa ce tsantsa, "Naira dubu", "Naira ɗari biyar". Mutum ya ga rubutun da bai iya karantawa ba, bai tambaya ba, ya yanke hukunci a kansa. Ku gaya mini a cikin kashi biyun da malamai suka yi, wanne ne wannan?

Kundin tsarin mulkin 1999 ma ya bi sahu. Sashe na 131 ya ce mai neman shugabancin ƙasa ya kasance ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare ko makamancinsa. Sashe na 318, da ya zo fassara makamancin, ya buɗe ƙofa ga mai takardar firamare in ya cika wasu sharuɗɗa, ciki har da iya karatu da rubutu da magana da Turanci. Sunan harshe ɗaya kawai aka ambata a wurin.

To 'yan'uwa, nan ne inda zan juyo da maganar kanmu, don in na tsaya a nan na yi mana waƙar barci ne kawai.

Cewa kakanninmu sun yi karatu kafin zuwan Bature gaskiya ce, amma ba za ta karanta wa jikansu takardar asibiti ba. Yau umarnin shan magani da boko yake zuwa, saƙon banki da boko, takardar fili da boko, gwajin shiga aikin soja da ɗan sanda da boko. Abin da ya fi ciwo, akwai yara da yawa a garuruwanmu da ba su samu ko ɗaya ba. Ba allon kirki, ba bokon kirki. Suna tsakanin talla da kiwo da acaba da ɗaukar jarka a bakin iyaka. Wannan yaro ba za mu kare shi da sunan Malam Abdullahin Gwandu ba. Da Malam Abdullahi zai dawo, mu zai fara tuhuma. An yi UPE a 1976, an kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, an ƙaddamar da UBE a Sakkwato a 1999, an kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023. Jihar Kano a zamanin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 har ta samu lambar yabo ta UNESCO. Hukumomi dai ba su yi mana kaɗan ba. Jiharmu ta Kebbi tun 1991 take cin gashin kanta, ba Bature ba ne yake hana malami zuwa aji a ƙauyukanmu yau, ba kuma Bature ba ne yake cire yarinya daga aji huɗu.

Sannan takardar makaranta ba rigakafin jahilci ba ce. Ku tuna watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da aka tashi mutane cikin dare wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Har rayuka aka rasa. Su wa suka yaɗa saƙon? Masu waya ne, masu iya karanta saƙo su tura wa na gaba. Tsohuwar da ke ƙauye jikanta ɗan makaranta ne ya kira ta ya ce ta tashi ta dafa ruwa. Har yau haka muke, mai digiri ya ga saƙon murya a WhatsApp bai san wanda ya yi shi ba, ya watsa wa mutum ɗari kafin ya gama saurare.

Su ma masu tsara mana dokoki daga nesa kalmar tana hawa kansu, a ma'anarta ta asali ba ta zagi ba. Da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sannan a Nuwamban shekarar aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Lolo da Tsamiya da Illo sun san abin da suka gani. Manomin rani mai injin ban ruwa ba ɗan fasa-ƙwauri ba ne, amma dokar ba ta bambance ba. Mai yiwuwa wanda ya tsara ta yana da digiri uku, sai dai game da rayuwar bakin iyaka ignorant ne. Da ya zo ya tambayi masunci ko mai albasa, da an gaya masa.

Me ya kamata mu yi? Abu na farko a bakinmu yake, ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Mu daina fassara illiterate da jahili. In mutum bai iya boko ba, a ce bai iya karatun boko ba. In bai jin Turanci, a ce bai jin Turanci. 'Yan jarida da masu fassara a gidajen rediyo su ne kan gaba a nan, don abin da suka faɗa da safe shi ake maimaitawa a majalisa da yamma.

Mu ma'aikata kuma, in muna tsara fom ko muna ƙidaya, mu tambayi mutum wane rubutu ya iya, boko ko ajami ko duka biyu. Sanarwar ambaliya, gargaɗin maganin feshi, ranar rigakafi, me zai hana a buga su da Hausar boko da ta ajami gefe da gefe? Kamfanin Triumph na Kano ya yi shekaru yana buga jaridar Alfijir da ajami, kuma ta samu masu saye. Mai ajami ya riga ya san cewa harafi sauti yake ɗauka, ya san zaman karatu, ya san riƙon alƙalami. Koya masa boko gajeriyar tafiya ce, in dai ba a fara da ce masa jahili ba. Ba dattijon da zai zo ajin da sunansa kaɗai zagi ne.

Na uku, kuma wannan ina roƙon kowa ya isar wa na gida: kada wanda ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Ta fili ce, ta bashin taki ce, ta tsayawa wani lamuni ce, a nemi wanda aka yarda da shi ya karanta ya fassara, wanda ya rubuta kuma ya sa sunansa a jiki. Haƙƙi ne da doka ta bayar, ba alfarma ba ce. Gonaki nawa suka salwanta saboda kunyar cewa "karanta mini"?

Na ƙarshe, mu tura yaran makaranta, maza da mata, allo da boko duka, mu kuma bi sawu mu ga ko ana koyar da su. Ranar da ɗan Bahindi zai karanta takardar Abuja da Turanci, ya karanta ta Kotonu da Faransanci, ya dawo gida ya karanta wasiƙar kakansa da ajami, ranar babu mai sauran bakin kiran mu da wani suna.

Kafin nan, duk wanda ya ji kalmar jahili ta zo masa baki, ya ɗan dakata ya tambayi kansa: me wannan mutum bai sani ba, ni kuma me ya sani wanda ban sani ba? Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya raba mu da jahilci mai sauƙi da murakkabi, ya jiƙan malamanmu da iyayenmu. Wallahu a'alamu.